Gyaɗar Tabawa da Gonar da Ta Yi Tsami

Ku gyara zama, amma kada hannu ya tsaya, ɓarar gyaɗa ba ta hana kunne aikinsa. Kai Ilu, ina kallonka, ɗaya a kwano biyu a baki. Abin da na kawo muku yau ba tatsuniya ba ce, maganar gidanmu ce, wasunku ma sun san mutanen ido da ido. In na kai ƙarshe akwai tambayar da zan ajiye muku, don wata biyar ke nan ina juya ta ni kaɗai, kaina ya ƙi ɗauka.

Yayata Tabawa, Allah ya jiƙanta, tana da wata gyaɗa da ba a samun irinta a kasuwa. Manyan ƙwayoyi gare ta, jajaye, ga mai kamar me. In ana toya ƙuli-ƙulinta, tun daga bakin hanya za ka san gidan. Daga hannun mahaifiyarmu ta karɓe ta, ita kuma daga hannun tata uwar. Al'adar gidanmu kuwa, mutum ɗaya ke riƙe irin. Kowace kaka shi zai zaɓe masu kyau, ya zuba a wata tsohuwar tukunya, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka, ba a buɗewa sai ruwa ya sauka. Ba a raba tukunyar biyu, don an taɓa rabawa a zamanin kakarmu, rabi ya gauraya da wata gyaɗa ya ɓace. Sannan wanda ke riƙe da tukunyar, da sunansa ake kiran gyaɗar. Ina yaro 'yar Lanti ake ce mata, sunan mahaifiyarmu ke nan. Shekara arba'in da wani abu kuwa, duk ƙasar nan 'yar Tabawa aka sani.

Da tsufa ya zo sai idon Tabawa ya tafi, kunne kuwa ya zauna daram. In an cire gyaɗa an shanya ta bushe, sai a kawo mata a faifai, ta ɗebi cikin hannu ta kaɗa kusa da kunnenta. In ƙwaya ta cika za ka ji tana ƙaras-ƙaras a cikin ɓawo, sai ka ga tsohuwa ta washe baki. In holoƙo ce, wato ɓawo ne kawai ba komai ciki, shiru za ka ji. Ita da bakinta take cewa gyaɗarta ta yi magana, ko kuwa ta ƙi magana.

To shekara shida a jere gyaɗar nan tana rage magana. Ganye ya riƙa fitowa ɗorawa-ɗorawa, tushe a tsugune, in ka tumɓuke ka ga saiwa gajeriya ta dunƙule kamar an ƙona bakinta. Shekarar da nake ba ku labari, duk gonar nan da ake cika buhuna da ita a da, da aka ɓare aka zaɓe, tiya uku aka samu ta ƙwaya mai rai. Kun kuma san gyaɗa, ba gero ba ce da za a ajiye a rumbu shekara da shekaru. In damina ɗaya ta wuce ba a shuka ta ba, ta mutu a tukunya. In an shuka ta fito holoƙo, nan ma ta mutu. Na san abin da ke bakinki, Marka, za ki ce me ya hana a kai ta wata gona. An kai. Duk jigawar garin nan ciwo ɗaya ke damunta, fadama kuwa laka ce, gyaɗa ba ta zama a cikinta.

'Ya'yan Tabawa uku ne. Babba shi ne Nomau, shi ke noma gonar, mutum ne mai ƙarfi da taurin kai, in ya ce gabas ko da amalanke ba ka juya shi. Mai bi masa Yalwa, tana aure nan bayan kasuwa, sana'arta zoɓo da ƙuli-ƙuli, ita ce tun tana ƙarama in ka ba ta abu sai ta buɗe ta ga abin da ke ciki. Sai auta Tanko, wanda ya ce noma wahala ce, ya tafi birni yana aikin silin, irin farin nan mai zane da masu hali ke yi wa ɗakunansu. Ranar da Tabawa ta kaɗa gyaɗar shekarar nan ta ji shiru, a gabana ta ce, “Duk wanda ya sa na sake jin gyaɗar nan ta yi magana a kunnena, tukunyar tasa ce, sunan ma nasa ne.” Na kira Tanko a waya na faɗa masa, ya ce to Kawu, Allah ya kyauta, ya kashe.

Bari in fara da Yalwa, don ita ta fara motsi. Wata rana da rani ta kai wa Nomau zoɓo gona yana sassabe, gorar ta kuɓuce mata daidai inda uwarsu ta saba zubar da tokar murhu tun tana gani, wani ɗan fili da bai wuce faɗin tabarma ba. Da wani ne, da sai ya yi tsaki ya ɗauki gorarsa. Ita kuwa sai ta tsuguna, don ta ga zoɓon da ya zube a kan ƙasar tokar ya rikiɗe ya yi duhu, wanda ya fantsama can gefe kuwa yana nan ja wur. Ta kuma tuna cewa duk shekarun nan, wannan ɗan filin ne kaɗai gyaɗa ke yin kore shar, tiya ukun nan ma kusan rabinta daga nan aka samo. Ta san wannan duhun, kullum tana ganinsa a tukunyarta. In yakuwa ta yi tsami da yawa aka jefa mata kanwa, haka take sauya launi, tsamin kuma ya kwanta.

Abin ya tsaya mata a rai. Washegari ta dawo da ƙoƙuna bakwai, ta ɗebi ƙasa daga wurare bakwai a gonar, ta jiƙa kowace da ruwan rijiya, ta tace da tsumma, ta ɗiga zoɓo mai ruwa-ruwa a ciki. Mijinta ya shigo ya tarar da ita ta jera ƙoƙuna tana leƙa su ɗaya bayan ɗaya, ya koma da baya a hankali ya zo wurina ya ce ko zan je in duba 'yata. Na je. Ƙoƙo shida ja wur, na wurin toka kaɗai ya yi duhu. Ba ta tsaya nan ba, ta aika aka ɗebo mata ƙasar daji inda ba a taɓa nomawa ba, ta gonar maƙwabta, har ta gindin juji. Ta gano cewa gonar da ta fi shan takin zamani, farin nan mai kama da sukari, ita ta fi riƙe jan. Sai ta je ta samu yayanta ta ce, “Yaya, gonar nan ba yunwa take ji ba, tsami ta yi.” Nomau, wanda a lokacin ya gama shirin ninka takin bana, ya dube ta ya ce, “Ke Yalwa, gona ce fa, ba miya ba ce.”

Da ta tsaya a nan, da babu mai ce mata komai. Amma hannun da ya saba da tukunya, in ya ji tsami, kanwa yake nema. Toka ba za ta ishi gona ba, ko an kwashe ta duk murhun garin nan. Sai Yalwa ta sayi kanwa, ta daka, ta zaɓi wata kusurwa kusa da rijiyar gona, ta barbaɗa ba tausayi, ta roƙi uwarta tiya ɗaya daga cikin ukun nan don ta gwada da ban ruwa kafin damina. Tabawa ta sa aka fasa lakar tukunya, abin da ba a taɓa yi ba da rani, ta ba ta. Kwana goma Yalwa tana jan guga. Ƙasar ta yi wani farin ɓawo a sama, ta liƙe, in an zuba ruwa sai ya kwanta ya ƙi shiga. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba, da aka tona duk sun ruɓe. Na ga yarinyar nan zaune a bakin rijiya tana kuka kamar an yi mata mutuwa, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, don saura tiya biyu ke nan a duniya.

To sai Nomau. Ya yi faɗa, ba zan ɓoye muku ba, har maƙwabta suka leƙo. Amma da ya huce, maganar takin nan ta riƙa cinsa a ciki. Shi ya san abin da ya yi. Shekara goma sha biyu yana raba gonar biyu, rabi masara rabi gyaɗa, baɗi ya juya, kuma kowace shekara yana ƙara wa masarar farin taki don a ce ya fi kowa dami. Ga ruwan ƙasarmu mai yawa, yana wanke abin kirkin da ke cikin ƙasa ya tafi da shi. Bai faɗa wa kowa ba, sai ya shiga zaga gonar shi kaɗai yana neman wani wuri mai kore bayan wurin toka. Ya kuwa samu. A bakin gonar akwai ɗan gajeren bango da ubansu ya gina don yin salla, Nomau ne ke shafa masa farar ƙasa duk shekara, ruwa kuma yana wanke ta zuwa gindin bangon. Ciyawar wurin ta fi ta ko'ina ƙarfi.

Mutumin da ya ce gona ba miya ba ce, sai ga shi ya aika a saya masa zoɓo a wani gida daban don kada ƙanwarsa ta ji. Ya kankaro farar ƙasar bangon ya jefa a ciki, zoɓo ya yi duhu. Ya ɗanɗana garin, bai ji gishiri-gishirin kanwa ba. Ya ɗebo farin yumɓun bakin rafi ya gwada, don shi ma fari ne, zoɓo bai ko motsa ba, ya gane ba kowane fari ne magani ba. Ranar kasuwa ya tare wani malamin gona ya tambaye shi, malamin ya ce ai dutsen farar ƙasa shi ne maganin ƙasa mai tsami, amma ɗanye wanda ba a ƙona ba, a niƙa shi lilis, a cakuɗa da ƙasa tun kafin shuka da nisa, don ba ya aiki da gaggawa. Ya kuma koya masa yadda zai gane dutsen gaske, ya matsa masa lemun tsami, in ya yi kumfa shi ne.

Nomau ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya cika aljihu da lemun tsami, ya yi tafiyar kwana biyu zuwa tudun da masu farar ƙasa ke haƙa. Can suka riƙa yi masa dariya, sun ga ƙato yana bin duwatsu yana matsa musu lemo. Ya dawo da kaya, ya zauna gindin ɗorawar da ke gefen gonar da guduma da dutsen niƙa, sati uku cur yana fasawa yana niƙawa yana tankaɗewa. Tafin hannunsa ya tsage, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, a tsakiyar zafin bazara, babu gayya babu ɗan ƙwadago. Ya watsa garin, da yayyafin farko ya sa garma ya juya ƙasar, bayan sati biyu ya sake juyawa. Kunya arba'in ya ja don tiya biyun nan. Garin ya ƙare masa saura kunya biyu ta wajen ɗorawa, ya bar su haka. A shekarar nan bai sayi ko mudu ɗaya na farin taki ba, masararsa ta zama abin dariya a garin nan, ya haɗiye. Da ruwa ya zauna aka shuka, gyaɗa ta fito, ta yi kore shar irin wanda muka manta, sai kunya biyun nan ne suka tsaya ɗorawa-ɗorawa kamar da. Ranar na ga Nomau ya je har gidan Yalwa ya tsaya a zaure ya ce, “Ashe miya ce.” Iyakar haƙurin da ya iya bayarwa ke nan.

Duk muka ce an gama, ni har na fara taya Nomau murna a ɓoye. Gyaɗa ta soma fure, sai ga Tanko ya sauka daga motar kasuwa, shi da buhuna shida, kansa da girarsa fari fat. Shekara bakwai rabonsa da taka gonar nan, ko kaka ba ya zuwa. Na ce masa, “Kai kuma da wace ka zo?” Ya ce, “Kawu, tarkacen silin ne.” Na ce lallai birni ta gama da yaron nan.

Ashe tun ranar da ya kashe mini waya maganar ba ta bar shi ba. A wani babban gini da suke aiki akwai wani tsohon maigadi, mutumin gabas, da ke shuka 'yar gyaɗarsa a bayan gini. Tun kafin in kira shi, Tanko ya lura cewa tsohon nan yakan bi inda suke zubar da gutsattsarin silin da ya karye, ya tsince, ya farfasa, ya watsa a kan gyaɗarsa daidai lokacin da take fure. Ya ɗauka taɓuwa ce, har kaka ta yi tsohon ya ba shi ya ɓare, ya ga kowane ɓawo a cike tam. Da ya ji batun gyaɗar uwarsa, sai ya koma wajen tsohon ya zauna ya yi ta tambaya. Tsohon ya ce masa garin silin ɗin nan daga wani farin dutse ake yinsa, jifsam, a ƙasarsu haƙo shi ake yi, kuma manoman gyaɗa sun daɗe da saninsa. Ya ce masa gyaɗa ba kamar sauran amfani ba ce. In fure ya kaɗe, wani tsinke ne ke sunkuyawa ya nutse cikin ƙasa, a bakinsa ɓawo ke fitowa, kuma abin da ke cika ƙwaya ba ta saiwa yake zuwa ba, ɓawon da kansa ke tsotsarsa daga ƙasar da ke manne da shi. Farar ƙasa tana kashe tsami, amma narkewarta a hankali ce, shekarar farko ba lallai ta kai wa ɓawo a kan lokaci ba, balle gyaɗa mai manyan ƙwayoyi mai ci da yawa. Jifsam kuwa ba ya kashe tsami, amma ruwa ɗaya ya ishe shi ya narke ya shiga. Da Yalwa ta gaya masa a waya cewa an sa farar ƙasa kuma fure ya soma, sai ya bi gine-gine yana tsintar gutsattsarin da ba a shafa wa fenti ba, ya ajiye aikinsa, ya hau mota.

Nomau ya tare bakin gona ya ce sai dai a bi ta kansa. Ya ce an zuba fari na farko ya kashe gona, an zuba na biyu ya kashe tiya guda, na uku da ƙyar ya gyara, yanzu kuma wanda bai san inda aka ajiye fartanya ba zai zo da na huɗu. Gaskiya ni ma bayan Nomau nake a ranar. Aka kai maganar gaban Tabawa. Ta ce a ba ta gutsuren, ta shafa, ta shinshina, ta ɗan lasa, ta ce ba gishiri. Sannan ta juya wajen da Nomau yake, ba ta kira sunansa ba, kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ta ce, “Kai, wannan, har yanzu ganye kawai kuka gani, ganye ba ya magana. Ka bar shi.”

Aka fito da turame, matan gidan suka daka, kowa ya koma fari kamar an tsoma shi a gari. Tanko ya fara daga wajen ɗorawa, yana bin kunya-kunya yana barbaɗawa a kan tushe, ba ya tona ƙasa. Yalwa da son ganin ƙwaƙwaf, ta roƙe shi rabin buhu ta zuba a kusurwar nan da kanwa ta kashe, ta ce tana so ta ga abin da zai faru. Saboda wannan rabin buhun, garin ya ƙare saura kunya uku ta wajen rijiya. Kwana uku ya yi ana wannan aiki, ran na huɗu aka yi ruwa, ran na biyar ya koma birni, ya tarar an ba wani aikinsa.

Da kaka ta yi, gonar da kanta ta ba da shaida, ni na tsaya a kan cirar. Kunya biyu na wajen ɗorawa, waɗanda suka sami garin Tanko ba su sami na Nomau ba, tushe a tsugune, 'ya'ya uku ko huɗu a gindi, ba abin da za a ɗauka. Kunya uku na wajen rijiya, waɗanda suka sami na Nomau ba su sami na Tanko ba, ganye kamar a yanka wa doki, 'ya'ya reto-reto, amma in ka matsa sai ka ji fus, mafi yawa holoƙo. Talatin da biyar ɗin da ke tsakiya kuwa, in ka ɗaga tushe ɗaya sai ka ji nauyi a hannu. Har kusurwar kanwa ta saki, ruwa yana shiga, ciyawa ta fito. Aka shanya, ta bushe, aka kai wa Tabawa a faifai. Ta ɗiba ta kaɗa. Wallahi daga bakin ƙofa na ji ƙarar. Ta kaɗa, ta sake kaɗawa, ta sauya kunne ta kaɗa, hawaye na bin fuskarta tana dariya. Ni da nake ganin na fi ƙarfin kuka, sai da na fita waje na share ido.

Ita da hannunta ta zaɓe irin, tana lalube, ta cika tukunya, ta sa toka, ta liƙe. Kowa ya zuba ido ya ji sunan da za ta kira, ba ta kira ba. Bayan kwana biyu ta aika aka kira ni, ta tura mini tukunyar ta ce, “Na yi alkawari, kuma ban san yadda zan cika ba. Babban, bakina ba ya iya kiran sunansa, balle in yabe shi a gaban mutane. In na ba macen, za a ce don mace ce irina. In na ba autan, za a ce dama shi ne ɗan lele. Kai ne kawunsu, ka yanke, amma kada ka raba mini tukunya, kada kuma ka bari ruwa ya sauka ba ta da mai ita.” Na ce mata Yaya ki bari ki ƙara tunani. Ba ta ƙara ba, kafin watan ya ƙare Allah ya karɓi abarsa.

Tukunyar tana ɗakina yanzu haka, a ƙarƙashin gado. Yaran ba su yi faɗa ba, ba wanda ya buɗe baki ya ce a ba shi, amma duk wanda ya zo gaishe ni sai na ga idonsa ya sauka ƙasan gadon nan. In na ce Yalwa, sai in tuna ba don ƙoƙunanta ba, da Nomau ya ninka takinsa an binne gyaɗar gaba ɗaya, ita ta gano ciwon da ya gagari duk mazan garin nan, amma kuma ita ta kashe kashi ɗaya cikin uku na irin da kanwarta. In na ce Nomau, sai in tuna hannunsa da ya tsage da masarar da ya sadaukar, ba don shi ba da babu tushen da za a barbaɗa wa komai, amma kuma shi ya jawo ciwon tun farko, shi ya yi wa mai gaskiya dariya, shi ya tare wa mai magani hanya. In na ce Tanko, sai in tuna ƙarar da tsohuwa ta ce tana so ta ji, garinsa ne ya sa ta a cikin ɓawo, ya kuma rasa aikinsa a kai, amma kwana uku kacal ya yi a gonar da ya guje wa shekara bakwai, kuma har yau ban sani ba ko zai zauna.

Jiya da yamma hadari ya haɗu a gabas, kun gani da idonku, iska ta kaɗa shi ya wuce. Na gaba ba lallai ya wuce ba. Dole a fasa lakar nan kafin sati ya zagayo, kuma hannu ɗaya ne zai fasa ta. Ilu, ajiye gyaɗar nan haka, Marka, ke ma ki matso, ku da kuka fi kowa baki. Ku faɗa mini, in mutum ya shiga kasuwa baɗi yana neman wannan gyaɗar, da wane suna zai tambaye ta, 'yar Yalwa, ko 'yar Nomau, ko 'yar Tanko? Wa zan miƙa wa tukunyar Tabawa?